Karan da Yaya Lawal Ya Ajiye

Wata Lahadi ce a watan Agustan 1984, ina ɗan shekara tara, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ya hana kowa fita gona. Da hantsi ya koma yayyafi, magidanta suka taru a zauren gidanmu suna jiran ƙasa ta tsane, mu kuma yara muka cika bakin ƙofa muna tara hannu a indararo. Sai ga Malam Isiyaku, malamin firamaren ƙauyenmu, ya shigo da rediyonsa a ƙarƙashin riga, ƙafafunsa duk taɓo. Ko gaisuwa bai gama ba ya ajiye rediyon a kan buzun mahaifina ya ce a saurara. Muryar da ke ciki tana cewa a can Amurka, wajen gasar Olamfik inda ƙasashen duniya suka haɗu, wasu samari huɗu 'yan Najeriya sun yi gudun miƙa sanda sun zo na uku, an rataya masu lambar tagulla, wani ɗan dambe kuma ya samo ta azurfa. Dattawa suka yi ta juya zancen. Damben dai sun gane shi, gudun ne ya ɗaure masu kai. Can sai wani tsoho ya gyara zama ya ce, "To Malam, da suka isa, wa suka gaya wa?" Zauren ya ɗauki dariya. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wato yayana Lawal, wanda ke tsugune a gefe yana ɗaure ƙotar hauya. Ya bar aikin, ya ƙura wa rediyon ido kamar zai ga samarin a ciki.

Tambayar tsohon ba wauta ba ce. A ƙauyenmu, wanda ke can ciki tsakanin Malumfashi da Dayi, baligi ba ya gudu. Yara su yi langa, su bi akuya, su kori tsuntsaye daga gero, ba mai cewa komai. Amma da zarar gashin baki ya fara tsiro wa mutum, to tafiyarsa ta zama ta natsuwa, kuma duk wanda aka gani a guje an san banza ba ta kai zomo kasuwa: ko gobara, ko mahaukacin kare, ko rasuwa. Sanar da rasuwa kuwa aikin gidanmu ne tun kakanmu. Ƙauyen yana da unguwanni a warwatse cikin gonaki, wasu a hayin rafi, wasu gidajen Maguzawa ne da muke maƙwabtaka da zumunci da su, kuma da damina laka ba ta barin keke ya yi ko taku. Gawa ba ta kwana, saboda haka dole a sami mai ƙafa da zai zagaye unguwannin nan kafin azahar. Kakana ya yi, mahaifina ya yi har gwiwa ta ci amanarsa, sannan abin ya faɗo kan Yaya Lawal tun bai kai sha biyar ba. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba a ƙi. Akwai ma wata ƙa'ida da kowa ya sani: ɗan aike ba ya ratsa kowace gona, domin rana ba za ta jira shi ba. Yakan bi ta kan tudu inda za a hango shi, wanda ke gona mai nisa kuwa in ya gan shi a guje sai ya ɗaga hauyarsa sama, ma'ana na gan ka, ina nan tafe gida in ji ko wane ne.

Lokacin da nake ba da labari Yaya Lawal yana wajen shekara sha bakwai, dogo, siriri, marar yawan magana. Ya gama firamare a makare bai ci gaba ba, domin gonar auduga da ta dawa sun fi ƙarfin mahaifinmu shi kaɗai. Ni ke kai masu fura da tsakar rana bayan na yanko wa tumaki ciyawa, kuma nakan tarar ya tsere wa kowa da kunya biyu ko uku. Mutane suna ganin girmansa, amma ba sa son ganinsa. Matan unguwanni suna kiransa Sai-Haƙuri, saboda da wannan kalmar yake buɗe baki duk inda ya tsaya. Ko a ranar kasuwa, yana tafe a hankali da buhu a kai, in ya yi sallama a ƙofar wani gida sai ka ji daka ta tsaya cak. Na taɓa raka shi Tudun Kanya karɓo irin gyaɗa, wata mata ta leƙo ta kan darni, ta dafe ƙirji, ta tambaye shi wa aka rasa tun kafin ta amsa gaisuwa. Ya ce mata lafiya lau, iri ya zo karɓa. Ni a lokacin ban san cewa irin wannan yana ci wa mutum rai ba.

Washegarin ranar rediyo, Malam Isiyaku ya fito da mu filin makaranta, ya karyo karan dawa daga darnin bayan aji, ya yanke shi tsawon kamu ɗaya, ya nuna mana yadda ake yi: ka yi gudu iyakar ƙarfinka, ka miƙa wa na gaba ba tare da ka tsaya ba, in karan ya faɗi duk wahalar ta tashi a banza. Muka yi ta yi muna faɗuwa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Yaya Lawal yana dawowa daga gona ya tsaya a gindin ɗorawa yana kallo, sai Malam ya kira shi ya ce ya zagaya filin sau ɗaya a gani. Ya ɗan yi jim, ya duba hagu da dama kamar mai shirin sata, sannan ya ajiye hauya. Ban taɓa ganin gudunsa a kusa ba sai ranar, domin kullum bayansa nake hangowa yana ɓacewa cikin dawa. Ƙafarsa kamar ba ta son taɓa ƙasa. Da ya dawo numfashinsa bai ko sauya ba. Malam Isiyaku ya daɗe yana kallonsa, daga nan ya gaya masa cewa bayan kaka za a zo Funtuwa zaɓen 'yan gudun da za a kai Kaduna, wadda ita ce babban birnin jiharmu a lokacin, kuma ta irin wannan ƙofar ce samarin nan huɗu suka bi har suka kai Amurka. Ya ce zai kai sunansa, amma da sharaɗin ya riƙa motsa jiki kullum da sassafe, ba sai an yi mutuwa ba.

Filin makaranta ya yi masa kaɗan, don haka bayan 'yan kwanaki ya fita ta hanyar da ƙafarsa ta sani, wato ta kan tudu zuwa Tudun Kanya. Abin da ya biyo baya ana ba da labarinsa da dariya har yau, ko da yake ranar ba wanda ya yi dariya. Hauyoyi suka tashi sama a gonaki, mutane suka bar aiki suka nufo gida. A Tudun Kanya akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, wadda 'yarta Hajara ke aure a ƙauyenmu da tsohon ciki. Tana hango shi ya nufo unguwarsu sai ta yanke wa kanta hukunci, ba ta jira ya iso ba, ta fita ta bayan gida ba takalmi ba mayafi, ta ratsa rafi ruwa har ƙugu, tana tafe tana salati tana kiran sunan 'yarta. Ta faɗo gidan ta tarar da Hajara a tsaye tana surfe. Aka ce ta zauna daɓas a ƙasa ta kama ƙafar 'yar tana kuka, da kukan ya ƙare kuma ta miƙe ta nufo gidanmu a jiƙe, ta tsaya a tsakar gida ta wanke mahaifina tas, ta haɗa da Malam Isiyaku da rediyonsa da Amurkar baki ɗaya.

Da la'asar aka zauna a ƙofar gidan mai gari. Yawancin dattawa suna ganin a hana shi kawai, domin an yi asarar aikin yini guda a tsakiyar damina. Malam Isiyaku ya yi ta bayani a kan ƙasa da tuta da suna, ba wanda ya kama zaren. Mahaifina yana zaune kansa a sunkuye. Abin mamaki, Inna Tabawa ce ta kwance matsalar daga bayan taro, bayan ta huce an ba ta busasshen zane. Ta ce ita ta ga wani kara da yaran makaranta ke yawo da shi, to in yaron nan wasa zai yi ya riƙe karan a hannu kowa ya gani, in kuwa saƙo ne ya fito hannu sake kamar yadda aka saba. "Ku bar shi ya yi gudun da ba kuka a ƙarshensa," in ji ta, "shi ma ɗan wani ne." Aka yi na'am da wannan, mai gari ya sa aka sanar a masallaci da kasuwa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi haske da na sani a rayuwar yayana. Ya zaɓi kara mai kauri, ya feƙe shi, ya goge shi har yana sheƙi, yana soke shi a jinkar ɗakinsa. Kullum bayan asuba ya fita, kafin a kunce awaki ya dawo ya ɗauki hauya. Yaran unguwanni suka riƙa hawa kan rumbu suna jiran ɓullowarsa, in sun hango shi su kwasa da ihu, "Da kara ne! Da kara ne!" su bi bayansa har ya ɓace masu. Matan da ke dafe ƙirji suka koma yi masa guɗa. Wani Bamaguje mai gona a bakin hanya yakan ajiye masa rake a kan kututture. Masu gonaki masu nisa, waɗanda ba sa iya bambance kara daga can, da farko sukan baro aiki su zo a yi masu dariya, daga baya suka daina wahalar da kansu, sai dai in ya gifta su ɗaga masa hauya su kaɗa, irin ta jinjina, su ci gaba da aiki. Ba wanda ya lura cewa alama ɗaya ta koma ɗaukar ma'ana biyu. Wata safiya ya dawo yana ta murmushi shi kaɗai, na tambaye shi, ya ce, "Yau an ba ni ruwa a Tudun Kanya, ba a tambaye ni wa ya mutu ba." Na ji maganar ta ba ni dariya. Sai da na girma ta fara ba ni tausayi.

Hajara ta haihu lafiya, Inna Tabawa ta tare a ƙauyenmu don ta kula da wankan jego. Ana cikin cirar gyaɗa, ruwa ya fara ɗaukewa amma fadama tana nan cike, wata safiya ta tashi hura wutar ruwan wanka ta ce kanta yana juyawa, ta kwanta, kafin hantsi ta cika. Aka aiko gidanmu. Yaya Lawal ya fita hannu sake, karan yana nan a jinka. Unguwannin da za a gaya wa suna da yawa, domin tsohuwar mai jama'a ce, kuma an tsayar da jana'iza bayan azahar saboda zafi. Babban ɗanta, Dikko, yana da gonar gyaɗa a hayin fadama, wurin da sai an yi dogon zagaye ake kai wa. Daga kan tudu Yaya Lawal ya hango shi ya miƙe tsaye ya ɗaga hauya sama. Ya isa Tudun Kanya ya faɗi saƙo, mutanen gida suka ce bari a tura yaro gona, ya ce masu ba sai an tura ba, Dikko ya gan shi ya ɗaga hauya, yana nan tafe. Suka kama hanya, shi kuma ya wuce gaba. Aka yi wanka, aka yi sutura, aka jira har rana ta fara karkata, liman ya ce ba a kyauta wa mamaciya ba. Aka kai ta.

Dikko ya yini yana cirar gyaɗa. Sai da ya koma gida da yamma ya tarar da unguwa ba kowa sai wani makaho da 'yan yara. Ya iso ƙauyenmu ana shirin kiran magariba, hauyarsa tana kafaɗa domin bai ma tuna ya ajiye ta ba. Aka raka shi maƙabarta ya daɗe a tsugune. Da ya dawo kowa ya zaci zai ta da rigima, har wasu suka matso don rabo. Ya tsaya a bakin zaurenmu, ya yi sallama, ya gaida mahaifina yadda ya kamata, sannan ya juya wajen Yaya Lawal. Ina tsaye kusa da su riƙe da buta. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Lawal, ai na gan ka. Har na yi maka jinjina." Ya juya ya tafi wajen zaman makoki. Da ya zage shi ko ya ɗaga masa hannu, ina jin da abin ya zo da sauƙi.

Ba wanda ya hana yayana gudu bayan wannan. Mai gari bai kira taro ba, mahaifina da bakinsa ya ce masa ƙaddara ce, kuma bai janye izininsa ba. Amma washegari bai fita ba, jibi ma haka. Na ga ya zare karan daga jinka ya soke shi cikin darnin gidanmu, ya zama ɗaya daga cikin dubban karare. Malam Isiyaku ya yi ta zarya, ya ce a sauya alama, a ɗinka masa jar riga, ko ya riƙa yi a filin makaranta kawai, saura 'yan makonni a yi zaɓen, kuma sunansa ya riga ya tafi. Yaya Lawal yana saurare da ladabi, kansa a ƙasa. A zuwan ƙarshe ne ya ba shi amsa, ya ce, "Malam, ashe gudun nan ba nawa ba ne ni kaɗai. In na ci gaba da kashe shi a wasa, ranar da aka buƙace shi ba za a same shi ba." Ranar zaɓen Malam ya sa fararen kaya ya tsaya a bakin hanya tun da sassafe, ya bar motar Funtuwa ta farko ta wuce, ya bar ta biyu. Daga inda yake yana iya hango gonarmu, auduga ta fashe fari fat, yayana a tsakiya da buhu a ƙugu yana tsinka, bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Ni aka aika in kai wa Malam ruwa, na tarar ya riga ya koma gida.

Kafin damina ta zagayo alamar ta koma daidai. Daka ta ci gaba da tsayawa in ya yi sallama, sunan Sai-Haƙuri ya dawo, kuma ba a sake samun wanda ya rasa jana'izar nasa ba. Ya riƙe aikin har babura suka yawaita, daga baya waya ta zo ta karɓe shi gaba ɗaya. Ni na wuce sakandare, na wuce jami'a, a kan audugar da yake nomawa. Duk bayan shekara huɗu in gasar ta zagayo yakan zauna da rediyo, har shekarar da 'yan ƙwallonmu suka ciyo zinare gari ya ruɗe da murna, shi abin da ya tambaye ni kawai shi ne yadda aka ƙare a gudun miƙa sanda. Na sha tambayar kaina ko da ya je Funtuwa zai kai ko'ina. Ba wanda ya taɓa auna gudunsa da agogo, kuma idon yaro ɗan shekara tara ba ma'auni ba ne, balle a kan yayansa. Wataƙila da an tsere masa tun a zagayen farko ya dawo gona da ransa a kwance. Wataƙila kuma ni ne nake ɗora masa baƙin cikin da bai ɗauka ba, domin ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba. Abin da na tabbata kawai shi ne ya so abin, kuma ya ajiye shi da hannunsa.

Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Kafin a gama rufe masa ido labari ya kai Kaduna da Legas da duk inda ɗan ƙauyenmu yake, kowa ya gani a wayarsa. Amma hanyoyin unguwannin nan ba su da aminci yanzu, wasu unguwannin ma sun watse, kuma in aka ga mutum a guje a kan tudu ba a ɗaga hauya, yar da ita ake yi a bi bayansa. Saƙo ya isa ko'ina, mutane ne ba su iso ba. Sahu biyu muka yi wa mutumin da ya tara jama'a a kan gawar kowa. Na iso daga Zariya ana gab da ɗaukarsa, na tarar da wani tsoho a zaune a bakin zaurenmu, ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙura, ya dogara da sanda. Aka ce tun da safe ya taso da ƙafa daga Tudun Kanya, 'ya'yansa sun hana shi ya ƙi. Dikko ne. Na durƙusa na gaishe shi, na ce da bai wahalar da kansa ba. Ya dube ni ya ce, "Wannan karon na ji da wuri, ɗana." Da aka ɗaga makara ya miƙe ya sa kafaɗarsa, ba wanda ya iya ce masa ya bari.

Bara da aka yi gasar a Faransa na kalle ta a waya tare da 'ya'yana, suna ta ƙorafin cewa tawagarmu ta dawo ba ko lamba ɗaya. Ban taya su ba. Na ga samari da 'yan mata sanye da kore da fari, na yi ta tunanin ƙauyukan da suka fito, da abin da aka sauke daga kansu kafin a bar su su tafi, da wanda ya tsaya ya ɗauka. Darnin gidanmu an daɗe da maye shi da bulo, filin makaranta ya zama gonar masara. Har yanzu in an zo gudun miƙa sanda ba na kallon ƙafafu. Hannu nake duba, in ga ko da kara ne.